"Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai gudu": faɗa ne ko tausayi?

Maman Nana, unguwar Zariya: Assalamu alaikum. Jiya uwar mijina ta yi mini wannan karin magana, na kwana ina juya ta. Daminar bara ɗana na fari ya kwana shida a likita da zazzaɓin cizon sauro, har da jijjiga, sai da aka yi masa ƙarin jini. Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma ni tun daga nan barcina bai sake yin nauyi ba. Sau uku sau huɗu nake tashi cikin dare ina taɓa goshin yara. Ƙaramar ta yi tari ɗaya, gabana ya faɗi. Watan nan sau uku na hau kabu-kabu da ita, aka soki yatsa, gwaji ya nuna babu komai. Inna ta ce tsumma nake gudu. Faɗa take mini ko tausayina take ji?

Malamin Hausa, Bagalam: Wa alaikumus salam. Ki duba inda maganar ta fara: "wanda maciji ya sara". Sai da aka yarda an sare shi kafin a ambaci gudunsa. Ba a ce matsoraci ba. Wasu ma "baƙin tsumma" suke cewa, don a nuna kamar ta yi yawa. Ni uzuri na ɗauke ta.

Baban Sadiku: Malam, a takarda haka ne, amma a cikin gida rufe bakin mata ake yi da ita. Maƙwabcina an ce wa matarsa a bari gari ya waye, zafin haƙori ne. Garin bai waye da yaron ba. Daga Yuli zuwa Oktoba a Maraɗi macijin ya fi tsumman yawa. Gara ta je sau goma a banza.

Majo, ma'aikacin lafiya: Ina aiki da yara, ku bar ni in shiga. Da dare tsumma ke zama maciji, da an haska fitila ya koma tsumma. 'Yar'uwa, fitilarki ita ce sanin alamu. Yaro ya ƙi nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko jijjiga, ko ya yi laushi ana tashinsa da ƙyar, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja numfashi, ko wuyansa ya sanƙare: wannan ko ƙarfe biyun dare ne a fita. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu kuwa, zafin jiki kawai ya isa. Sauran zazzaɓi a gwada shi a ranar, kar a kwana biyu ana ba da paracetamol na ɗan tebur. Ke nan in da zafi kika kai ta, ba ki yi laifi ba.

Abin da ke cin ki shi ne tsaron yaron da ya ci ya ƙoshi, ya yi wasa, yana barcinsa cikin sange. Ki sayi ma'aunin zafi, hannun uwa mai fargaba kullum zafi yake ji. In bai kai 38 ba kuma babu alamun can, ki kwanta. Maganin rigakafin damina da ake rabawa 'yan wata 3 zuwa shekara 5, na kwana uku ne kowane wata, ki tabbata sun sha na rana ta biyu da ta uku, a nan iyaye da yawa ke sakaci.

Hajiya daga Tibiri: Ɗiyata, ni biyu na binne, ƙyanda ta ɗauke su cikin mako guda, lokacin ba mu san allurar wata tara ba. Na san tashin daren nan. Ki gaya wa maigidanki ku raba daren, in shi ke dubawa ke ki yi barci. Ki yi musu addu'a ki shafa, ki bar wa Mai su. In abin ya hana ki cin abinci, ke ma ki faɗa wa likita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malamin Hausa: Baban Sadiku ya sa na sake tunani. Akwai inda karin maganar ta gaza: tsumma ba ya taɓa rikiɗa ya zama maciji, amma zazzaɓin safe yana iya zama wani abu kafin magariba. Don haka ba na ganin ya dace a faɗa wa uwar da ɗanta ke da zafi. Wadda yaranta ke lafiya tana tsaye a kansu, ita ce za a iya faɗa wa, shi ma da taushin murya.

Maman Nana: Na gode, Allah Ya saka. Na kwafe alamun Majo na liƙa a bango. Da yamma na zauna da Inna na tambaye ta abin da take nufi. Ta daɗe shiru, sannan ta ce kafin maigidana ta haifi namiji, zazzaɓi ya ɗauke shi yana wata bakwai, ta yi shekara tana kwana a zaune. Shekarata shida a gidan nan, ban taɓa jin wannan ba. Ta ce yau Nana a ɗakinta za ta kwana.