Tafiya Mambila cikin damina: me zan sa a jaka?

Ɗan Adar: Assalamu alaikum ƴan uwa. Cikin watan Agusta zan tashi daga Tawa a Nijar zuwa Gembu, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, ta Ƙonni da Sakkwato. Jaka ɗaya nake so in ɗauka. Waɗanda suka san ƙasar, don Allah me zan zuba ciki?

Malam na Yamai: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara cire zafin Adar daga ranka. Gembu ta haura mita 1,300 a sama, kuma duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Ga ruwa kusan kullum. Abin da ke kayar da baƙo can ba sanyin ba ne shi kaɗai, jiƙa ce a kan sanyi.

Saboda haka bar wandon jins da shadda mai sitaci a gida. Auduga mai kauri in ta jiƙe sai ta kwana biyu tana ɗoyi ba ta bushe ba. Ɗauki riguna marasa nauyi 3 irin na ƴan ƙwallo, wando 2, rigar sanyi 1, hular sanyi, da rigar ruwa mai faɗi wadda za ta rufe ka har da jakar. Lema ba ta jure iskar tudu. Safa kuwa ƙafa 5, kada ka rage.

Wajen shiryawa, shimfiɗa babbar leda mai kauri cikin jakar tukuna, sannan kowane kashi da ledarsa. Kayan barci saiti ɗaya ka ƙulle su dabam, ba a fita da su ko da me. Takardu da waya su sha leda biyu.

Hajiya Inna: Ɗana, ƙara da wannan. Kada ka shanya tufafi a ƙasa ko kan ciyawa: akwai ƙudan da ke ƙwai a kan kaya masu danshi, tsutsar ta shige fata ta zama kamar maruru. Guga mai zafi ke kashe ƙwan, har kayan ciki. Kowane dare wanke ƙafa, ka goge tsakanin yatsu sosai, in ba haka ba cin ruwa zai kama ka. Ruwan sha a tafasa shi. In zawo ya zo: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Tafi da sangenka, don sai ka kwana wajen Jalingo ko Serti kafin ka hau tsaunin, inda sauro ya fi yawa. Katin rigakafin shawara ma ya kasance tare da takardunka.

Ɗan Adar: Na gode, Hajiya. Takalmi fa? An ce in sayi na roba mai tsawo.

Direban Tasha: Na roba yana da kyau a taɓon gari da gona, amma a gangare santsi yake, kuma ƙafa na gumi ciki ta yi ƙuna. Nemi mai kaushin ƙasa wanda ka riga ka saba da shi, ka haɗa da silifa. In ya jiƙe cusa masa takarda ya kwana, kada ka kanga shi a wuta, gam ɗin zai saki.

Hawan dutsen daga Serti kuma ka yi shi da safe. Da yamma ruwa da hazo ke rufe kwanonin hanya, wani lokaci ƙasa ta zabtaro kan hanya a yini ana jira. Riƙe ƙuli-ƙuli, dabino, tocila da fawa banki a ƙaramar jaka kan cinyarka, ba a but ba. Sefarka kuwa canza ta naira tun a iyaka, ka nemi ƙananan takardu.