Neman gaɓa ɗaya a bidiyon awa biyu da rabi

Maman Hanifa, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai tafsirin azumin bara da aka ɗora a YouTube, awa biyu da rabi. A ciki malam ya yi bayanin gadon 'ya mace idan babu ɗa namiji. Wurin kaɗai nake so in tura wa yayata. Ina ta ja gaba ina dawowa, data sai zurarewa take. Ba wata dabara?

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam Hajiya. In akwai kwamfuta a gida ki ɗauko. Ki buɗe bayanin da ke ƙarƙashin bidiyon, ki gangara har inda aka rubuta Show transcript. Duk maganar da aka yi za ta fito a rubuce a gefe, kowane layi da lokacinsa. Sai ki danna Ctrl da F tare, ki rubuta kalmar da kike nema. Layin da kika taɓa, can bidiyon zai kai ki. Da haka nake bitar laccocin kemistiri.

Malamin Kongo: Ɗan Samaru, laccocinka da Turanci ake yin su. Ni a karatun Hausa da na gwada, ko dai rubutun babu shi sam, ko kuma na'ura ta zuba shirmen da ba ya karantuwa. Hajiya, tunda tafsiri ne, aikinki ya zo da sauƙi, don a jere ake bin ayoyi. Wannan hukuncin yana Suratun Nisa'i, aya ta 11. A kwamfuta, lambar 1 tana kai ki kashi goma cikin ɗari na bidiyon, 2 kashi ashirin, haka har 9. Danna 5, kin faɗa tsakiyar bidiyon. Ki saurara ki ji ayar da mai jan baƙi yake kai. In bai iso ba ki danna 7, in ya wuce ki koma 3. Kafin ki yi haka sau biyar kin matso kusa. Daga nan L gaba da daƙiƙa goma, J baya da goma, K tsayawa.

Ɗan Samaru: Allah ya gafarta malam, na sallama.

Anti Gyallesu: Ni wancan tudun nake bi, mai fitowa a saman jan layi in ka ja shi. Inda ya fi tsayi, nan mutane suka fi maimaitawa.

Malamin Kongo: Yana aiki, amma sai bidiyon da aka kalla sosai. Kuma abin da jama'a suka maimaita ba lallai shi kike nema ba. A bidiyon Hawan Daushe sai ki ga tudun ya tsaya inda doki ya ka da wani, a wa'azi kuwa inda malam ya ba da dariya.

Mai gyaran waya, PZ: Akwai SponsorBlock, ƙaramar manhaja ce da ake liƙa wa burauza, kyauta. Tana tsallake tallan da mai bidiyo ya cusa a ciki da doguwar gabatarwa, wani lokaci har da maɓallin da zai kai ka kan gundarin maganar. Sai dai masu kallo ne ke sa alamomin da hannunsu, shi ya sa a tashoshinmu na Hausa ba kasafai nake tarar da an sa ba. Wata ita ce Video Speed Controller: D ƙara gudu, S rage gudu. Ku lura, Chrome na wayar Android ba ya karɓar irin waɗannan, Firefox ne ke karɓa. Sannan don Allah a daina liƙa duk wadda aka gani da sunan taƙaita bidiyo. Da yawansu izinin karanta duk shafin da ka buɗe suke nema, har na banki.

Anti Gyallesu: Kai, har na banki? Bari in duba kwamfutar yaran nan.

Maman Hanifa, Tudun Wada: Alhamdu lillahi na samu! 5 na danna, sai 4, na ƙarasa da L. Yana awa 1 da minti 12. Yanzu yaya zan tura ya buɗe mata daga nan?

Ɗan Samaru: Tsayar da shi a wurin, ki danna Share, ki sa alama a akwatin Start at, sannan ki kwafi adireshin. Za ki ga t=4320 a ƙarshe, daƙiƙoƙin ke nan.

Malamin Kongo: Kafin ki rufe Hajiya, ki shiga wajen sharhi ki rubuta 1:12:00 gadon 'ya mace. Da kansa zai zama abin dannawa ga duk wanda ya zo bayanki. Wanda kuma ya san yaran da ke ɗora karatun, ya gaya masu su jera lokuta a bayanin bidiyo, su fara da 0:00, aƙalla guda uku, YouTube zai yanka shi babi-babi.

Mai gyaran waya, PZ: Ɗaya daga cikinsu yana kawo mini gyara. Gobe in sha Allah zan nuna masa.