PS4 tana mutuwa a tsakiyar wasa, fankarta kuma tana ƙara: ana iya gyara ta a gida?

Baban Yara, Kano:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin lantarki game da na'urar wasan PS4 da na saya wa yarana, ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Samfurin farko ce mai kauri, kuma lambar da ke rubuce a jikinta ita ce CUH-1116A. Tun da aka kawo ta gida ba ta ba mu wata matsala ba, sai da hunturu ya wuce zafi ya fara shigowa, sannan fankarta ta soma ƙara mai ƙarfi, har wanda ke ɗaya ɗakin yana jin ta. Yanzu abin ya kai ga idan yaran suka sa wasan ƙwallo, ba a cika yin rabin sa'a ba sai rubutu ya fito a talabijin cewa na'urar ta yi zafi da yawa, layin fitilar da ke samanta ya koma ja, sannan ta mutu da kanta. Idan aka bar ta ta huce tana tashi lafiya, kuma muddin ba a shiga wasa ba takan daɗe a kunne ba tare da ta mutu ba.

Tana zaune ne a cikin kabad ɗin talabijin mai ƙofar gilashi, kuma muna kunna ta da wutar NEPA idan akwai, idan babu kuma da ƙaramin janareta. Wani maƙwabcina ya ba ni shawarar in naɗe ta da tawul in bar ta a kunne, ko in hura mata iska mai zafi da na'urar busar da gashi, ya ce da haka ake farfaɗo da irin waɗannan na'urori. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, shi ya sa na zo nan. Shin wannan aiki ne da mutum zai iya yi da hannunsa a gida, ko kuwa dole sai an kai ta wurin mai gyara?

Mai Gyaran Lantarki, Kaduna:

Wa'alaikumus salam, Malam. Bayanin da ka yi ya rage rabin aikin, domin na'urar da kanta ta faɗa maka ciwonta. Fitilar PS4 tana yin shuɗi lokacin da take tashi, ta koma fara idan ta gama tashi, ta yi ruwan lemo idan tana hutawa, ja kuwa ba ya fitowa sai idan zafi ya wuce ƙima. Da a ce akwatin wutar da ke cikinta ne ya lalace, da za ta ɗauke ne farat ɗaya ba tare da gargaɗi ba, ko kuma ta yi shuɗi na ɗan lokaci ta mutu tun kafin hoto ya fito. Taka kuwa tana tashi, tana nuna hoto, tana yin gargaɗi, kuma ba ta mutuwa sai wasa ya sa ƙwaƙwalwarta aiki mai nauyi, saboda haka matsalar ta fitar da zafi ce, kuma wannan na daga cikin abubuwan da aka fi iya magancewa a gida.

Kafin komai, don Allah ka bar maganar tawul da iska mai zafi. Wannan dabara ta samo asali ne daga zamanin na'urar wasan Xbox 360, lokacin da na'urori masu yawa suka riƙa nuna jajayen fitilu uku suna daina aiki, har kamfanin Microsoft ya tsawaita garantinsu zuwa shekara 3 a 2007, ya kuma ware fiye da dala biliyan 1 domin gyara. Mutane suka riƙa gasa na'urorinsu da gangan don su sake tashi na ɗan lokaci, daga baya su mutu gaba ɗaya. Taka na'urar zafi ne ya yi mata yawa, ƙara mata wani zafin kuwa zai iya lalata abin da har yanzu yake da lafiya.

Abu na farko bai buƙatar sukundireba ko kaɗan: ka fito da ita daga kabad ɗin nan. PS4 tana shaƙar iska ta ramukan da ke gefenta, fanka ta tura iskar ta ratsa wani ƙarfe mai tsaga-tsaga da ke zuƙe zafin ƙwaƙwalwar, daga nan ta bi ta cikin akwatin wuta ta fita ta baya. Idan ƙofar gilashi a rufe take, iskar zafin da ta fitar ita ce za ta sake shaƙa. Kamfanin Sony ya ce a bar aƙalla santimita 10 tsakaninta da bango, kuma an ƙera ta ne don ta yi aiki a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, alhali kowa ya san a watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40 da rana. Ka ɗora ta a kan tebur a sarari, ba a kan kafet ba, ka share ramukan gefe da na baya da buroshi mai laushi.

Idan hakan bai wadatar ba, sai buɗewa. Za ka buƙaci sukundireba mai bakin tauraro da rami a tsakiya, lamba T8 ko T9, wanda ake samu a wurin masu sayar da kayan gyaran waya, sai kuma ƙaramin mai bakin gicciye. Ka kashe na'urar gaba ɗaya, ka zare wayar wuta, ka ba ta lokaci kafin ka taɓa ta. A samfurin da ke hannunka sukurun suna baya, wasu a ƙarƙashin takardun da aka liƙa, kuma idan ka kwance su murfin ƙasa zai ɗago ka ga fanka a fili. Ka riƙe fikafikanta da yatsa lokacin da kake hura iska, domin idan bulowa ta juya ta da gudun da ya wuce nata tana iya lalacewa. Akwatin wutar kuwa kada ka buɗe cikinsa ko da wasa, saboda akwai abubuwan da ke riƙe wuta mai haɗari a ciki ko bayan an zare waya.

Mai Shagon Gem, Zariya:

Na yarda da abin da Malam mai gyara ya faɗa, amma ina so in ƙara abin da muke gani mu da na'urorinmu ke kunne tun safe har dare. Share fanka kaɗai yakan rage ƙara, sai dai ba kullum yake kawo ƙarshen matsalar ba, domin ƙurar hunturu ba a jikin fanka take taruwa ba. Tana taruwa ne a fuskar ƙarfen nan mai tsaga-tsaga, ta dunƙule kamar bargo ta toshe hanyar iska, kuma a samfurin farko ba a isa wurin da kyau sai an cire fanel, wato babban allon lantarkin da ƙwaƙwalwar take kai. A ganina duk PS4 da ta yi hunturu biyu a Arewa ba a buɗe ta ba, ka ɗauka wannan wurin a toshe yake.

Akwai kuma kyankyasai. Suna son ɗumi da duhun cikinta, suna shiga ta ramukan iska su zauna a akwatin wuta, kuma idan ɗaya ya haɗa wuta a ciki sai na'urar ta ƙi tashi kwata-kwata. Idan ka buɗe ka ga kashinsu ko ka ji warinsu, to ka san dole ka raba ta da ƙasa da lungu, kuma a daina cin abinci kusa da ita.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne janareta. Akwatin wutar PS4 yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka ba ta buƙatar taransifoma ko daga wace ƙasa aka kawo ta, amma wannan bai kare ta daga wutar da ke hawa da sauka ba, balle lokacin da man janareta ya kusa ƙarewa ko aka dawo da NEPA da ƙarfi. Ka sa mata sitabilaiza, idan da hali kuma UPS, wato na'urar batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke, domin duk sanda ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba rumbun ajiyarta yana shan wahala. Bayan ka gama da maganar zafi, ka kashe ta, ka danne maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa 7 ke nan, ka haɗa hannun gem da wayar USB, za ta shiga abin da ake kira Safe Mode. Ka zaɓi na 5, wato Rebuild Database, wanda ke sake tsara bayanan ciki ba tare da ya goge wasannin ba. Ka kiyayi na 6 da na 7, domin su suna share komai ne, har da inda yaran suka kai a wasanninsu.

Baban Yara, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fito da ita daga kabad, na samo sukundireban a titin Beirut, na buɗe murfin ƙasa na share fanka kamar yadda aka bayyana, kuma ban ga alamar kyankyaso ba. Ƙarar ta ragu sosai, da daddare yaran suna wasa ba ta mutuwa, amma da rana tsaka jan fitilar yana dawowa, ko da yake yanzu takan daɗe fiye da da. Da na haska tocila ta gefen fanka na hango ƙura a dunƙule can ciki inda buroshi ba ya kaiwa, wato dai abin da ɗan'uwanmu na Zariya ya faɗa. Tambayata yanzu ita ce, in ci gaba in cire fanel ɗin da kaina, ko in tsaya a nan?

Mai Gyaran Lantarki, Kaduna:

Malam, amsar ta dogara ne ga natsuwar hannunka da kuma kayan da ka tanada, domin daga wannan mataki kuskure yana da tsada. Abin da ya kamata ka sani tun farko shi ne, da zarar ka ɗaga fanel ka raba ƙwaƙwalwar da ƙarfen da ke zuƙe zafinta, kuma tsakaninsu akwai wani mai mai kauri, launin toka, wanda ke cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya wuce. Samfurin CUH-1100, wanda taka take cikin jerinsa, ya fito ne a 2014, saboda haka idan ba a taɓa sauya man ba tabbas ya bushe, kuma tsohon ba ya sake amfani bayan an raba su. Kada ka fara aikin sai sabon man yana hannunka, wanda ake sayarwa cikin sirinji a shagunan kayan kwamfuta, tare da sifirit na isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama da haka. Man goge baki ko giris na mota ba sa maye gurbinsa, duk da cewa na sha buɗe na'urorin da aka shafa musu su.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne ƙaramar wayar da ta haɗa akwatin wuta da fanel. Mutane sukan ja ta da ƙarfi sai mazauninta ya ɓalle daga jikin fanel, daga nan kuma sai aikin dalma. Ka kama kan robar, ba wayoyin ba, ka girgiza a hankali kana ja sama. Siraran wayoyin nan masu faɗi na wurin sa faifai su ma akwai mai makulli, wanda sai an danne shi wayar ke fita. Ka riƙa ɗaukar hoto da wayarka kafin ka cire kowane abu, ka kuma jera sukurun a kan takarda kana rubuta inda kowane ya fito, saboda tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo idan ya shiga ramin gajere yana iya huda abin da ke ƙarƙashinsa.

Idan ka isa ƙarfen, ka cire ƙurar da buroshi da bulowa har sai kana ganin haske ta tsakanin tsagoginsa. Ka goge tsohon man daga fuskokin biyu da ƙyalle marar gashi da ka jiƙa da sifirit, ka bari ya bushe, sannan ka ɗiga sabon a tsakiyar ƙwaƙwalwar, ɗigo ɗaya matsakaici, matsin ƙarfen zai baza shi. Za ka ga wasu 'yan ƙananan robobi masu laushi a kan ƙwayoyin da ke kewaye da ita, waɗannan su ma zafi suke ɗauka, don haka duk wanda ya faɗi ka mayar da shi inda yake. Wajen ɗaure maƙallin da ke matse fanel da ƙarfen, sukuru biyu ne, ka riƙa murɗa wannan kaɗan ka koma wancan kaɗan har su ɗauru daidai, don kada matsin ya karkata gefe guda.

Ni a ganina, mutumin da ya buɗe murfin ƙasa ya mayar ba tare da ya karya komai ba zai iya wannan, idan ya zaɓi lokacin da yara ba sa kusa kuma akwai haske sosai. Amma idan ka ji wata waya ta ƙi fita, ko kan wani sukuru ya fara cinyewa, ka tsaya a nan, ka mayar da abin da ka cire ka kai wa mai gyara, ka gaya masa a fili cewa sharar ƙarfen sanyaya da sauya mai kake so, kuma ka nemi a yi a gabanka. Idan an haɗa ta, ka gwada ta da rana tsaka da wasan ƙwallon nan da ya saba kashe ta, ka sa hannu a bayanta: ya kamata ka ji iska mai zafi tana fita da ƙarfi, fanka kuma ba ta ihu. In jan fitilar ya dawo duk da haka, ka duba ko fankar tana juyawa tun daga kunnawa ko tana tsayawa, ka faɗa mana, domin a lokacin ita ce za a sauya.