Fim a ajin koyon shugabanci: ci gaba ne ko ci baya?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ɗana ya dawo daga jami'a yana ba ni labari, wai malaminsu na darasin mulki ya kunna musu fim ɗin Hausa a aji, da shi za su koyi shugabanci. Ni dai ban yarda ba. A Sakkwato, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar mana littafin Usulus Siyasa, Malam Abdullahin Gwandu ya bar mana Diya'ul Hukkam, a ce sai 'yan wasan kwaikwayo za su koya wa 'ya'yanmu riƙon jama'a? Wanga ci baya ne.

Dakta Hauwa: Wa alaikumus salam, Allah shi gafarta Malam. Ni ma ina yin haka a ajina, bari in faɗi yadda nake yi. Ba na kunna fim in koma gefe. Ina zaɓen fitowa guda, misali inda uban gidan gwamna ya shigo ofis yana neman a ba yaronsa kwangilar asibiti. Daidai lokacin da gwamnan ya ɗauki biro sai in tsayar da hoton, in ce wa ɗalibai: ku ne kan kujerar nan, mutumin nan shi ya kashe kuɗin zaɓenku, me za ku yi? Malam, ka ga yadda aji yake kacamewa da musu. Yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba sai ka ji bakinsu ya buɗe. Bayan nan nake kawo musu James MacGregor Burns, masanin shugabanci ɗan Amurka, wanda a 1978 ya bambanta shugabancin ba-ni-in-ba-ka da shugabancin da yake ɗaga tunanin mabiya ya canza su. Da na fara da bayanin Burns, haddacewa za su yi, su zubar a takardar jarrabawa, su manta.

Malam Sani: To ai kin ga, Dakta, daga fim sai Bature. Ina namu?

Dakta Hauwa: Namu shi ne ma'aunin. A cikin Usulus Siyasa, Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji ginshiƙai bakwai na mulki, har ya ce shugaba ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina. Sai in tambayi ɗalibai, gwamnan nan na fim, wane ginshiƙi ya rushe?

Alhaji Umaru: Malam Sani, ni ina tare da kai a rabin magana. Amma kada mu manta, koyarwa da labari ba 'yan fim suka fara ta ba. Kalila wa Dimna, da Ibnul Muƙaffa ya fassara zuwa Larabci a ƙarni na 8, zaki ne da dila da sa ke magana a ciki, kuma don sarakuna aka tsara shi. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fito a 1937, aku ne ya zama waziri a cikinta, mu duka da ita muka tashi. Nana Asma'u kuwa da waƙa ta ilmantar da mata, jajis, wato malamai mata da ta horar, suna kai ta ƙauyuka ga 'yan taru, wato matan da ke ɗaukar karatu.

Malam Sani: Alhaji, waƙoƙin Nana Asma'u ilimi ne aka tsara shi a baiti don sauƙin hadda. Ba ƙagaggen labari ba ne. Kada a haɗa su.

Alhaji Umaru: Na karɓi wannan. Sauran biyun fa?

Nasiru: Iyayena, a yi mini afuwa in sa baki, ni ɗalibi ne. Damuwata daban take. Mai shirya fim kasuwa yake nema, don haka mugun shugaba a fim mugu ne tun daga hularsa har takalminsa, na kirki kuma ba ya kuskure. Kuma kullum mutum ɗaya ne yake gyara gari ko ya ɓata shi. Ba a nuna majalisa tana tantance kasafi, ba a nuna akawun da ya ƙi sa hannu. Max Weber, masanin zamantakewa ɗan Jamus, ya ce iko iri uku ne: na gargajiya, na kwarjini, da na doka. Fim na kwarjini kawai yake iya nunawa da kyau, shi ya sa muke fita aji muna jiran gwarzo.

Dakta Hauwa: Nasiru, wannan ita ce suka mafi ƙarfi da na ji yau, kuma gaskiya ce. Aikin ofis ba ya jan 'yan kallo. Abin da nake iya yi shi ne in tambayi aji wa aka ɓoye a labarin, amma ba zan ce hakan ya toshe ɓarakar duka ba.

Malam Sani: To ni ga sharaɗina. Yaro ya karanta Usulus Siyasa tukuna, ko da fassara ce, kafin a kunna masa komai.

Dakta Hauwa: A nan muka rabu, Malam. Ni fim nake sa wa gaba, littafi ya biyo. Ka zo ajina ranar Talata da ƙarfe goma, ka zo da naka kwafin, kai za ka karanta musu ginshiƙan da bakinka.

Malam Sani: In Allah ya kai mu zan zo. Amma sai na yi karatuna kafin ki kunna.