Tambaya kan skolashif na ɗaliban LGBTQ (masu neman jinsi ɗaya, masu sauya jinsi da makamantansu) a Amurka

Dan_Minnesota: Salam jama'a, a jerin skolashif da makarantar ƙanwata ta turo na ga wani na shugabannin ɗalibai LGBTQ masu shiga jami'a, wai gwamnati ce ke biya ko kuwa?

Ummi_NY: A'a yaya, ƙungiyoyi ne masu zaman kansu. Babbar cikinsu Point Foundation ce, tun 2001 take, ba kuɗi kawai ba har mai ba da shawara suke haɗa ɗalibi da shi, kuma suna duba maki da buƙata da irin hidimar da ka yi wa al'umma.

Malam_B: Akwai Pride Foundation ma a Seattle, amma fa sai ɗaliban jihohi 5 na can arewa maso yamma.

Dan_Minnesota: Toh madalla, na gode.