Turawan da suka ratsa kwazazzabon Kolorado da kwale-kwale a 1869, ta yaya suka yi awo a cikin wannan ruwa?

Ɗalibin Safiyo, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga malamanmu na safiyo da duk wanda ya san ruwa. Ina karatun safiyo nan Birnin Kebbi amma asalina Yawuri, kakana Basarke ne, a cikin jirgi ya tsufa. Shekaranjiya a aji malaminmu ya taɓo labarin wani Ba'amurke John Wesley Powell wanda a 1869 ya ɗebi mutum 9 shi ne cikon na 10, da kwale-kwale 4, suka bi kogin Green suka faɗa kogin Kolorado har suka ratsa makeken kwazazzabon nan Grand Canyon, wata 3 suna cikin ruwa, kuma mutumin hannu ɗaya gare shi don na dama an yanke shi a yaƙin basasar Amurka. Wallahi tun ranar abin ya ƙi barin raina.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, makon jiya da muka fita firaktikal bakin gulbi, kafa na'ura kawai a kan ƙafafunta uku sai da ya ci mana kusan minti 20, ƙasa na da laushi, ka danna ƙafa ɗaya ta nutse ɗayar ta taso, ɗigon ruwan nan na lebur ya ƙi tsayawa tsakiya. To wannan a tudu ke nan. Su da suke cikin jirgi ruwa na wurgi da su, dutse dama dutse hagu, ba GPS ba komai, me suka auna kuma da me? Sannan na ga zanen jiragensu, masu tuƙin sun juya wa gaba baya suna jan filafili. Ni dai ban taɓa ganin wani a Yelwa ya tuƙa jirgi yana kallon inda ya baro ba. Don Allah a fahimtar da ni.

Malam Mai Ritaya

Wa alaikumus salam ɗana. Madalla da tambaya, shekara 30 da wani abu na yi ina wannan aiki kuma har yau ina son labarin nan. Bari in fara da awon.

Sun tashi ranar 24 ga Mayu 1869 daga garin Green River a Wyoming, jiragen a Chicago aka ƙera su aka kawo a jirgin ƙasa, don a wannan watan ne ma aka gama haɗa layin dogon da ya ratsa Amurka gabas zuwa yamma. Kayan aikinsu kamfas ne, da agogon awo mai kiyaye lokaci daidai, da na'urar auna tsayin rana da taurari, da ma'aunin zafi, sai uwa uba baromita. A cikin ruwa ba a kafa komai. Mutum ɗaya ne ke riƙe da kamfas, duk kwanar da kogi ya yi ya rubuta inda ta fuskanta, nisan kuma da ido ake kintatawa, ana tafiya ana zana layin kogin a takarda. In an sauka gaɓa da dare sai a auna tauraro a san inda ake tsakanin kudu da arewa, a gyara kuskuren da kintace ya tara. Gabas da yamma ya fi wuya don sai agogo ya tsaya daidai, agogon da ke shan jijjiga da ruwa kullum. Shi ya sa ranar 7 ga Agusta da aka yi husufin rana Powell ya hau dutse shi da ƙanensa Walter don ya yi amfani da husufin ya san inda suke, suka sha wahalar hawa sa'o'i, suna kaiwa hadari ya rufe sama.

Baromita kuwa gilashi ne dogo cike da zaiba, nauyin iska ke tura zaibar sama. In ka hau tudu iska ta rage nauyi sai zaibar ta sauka, kusan inci 1 a kowace ƙafa 900 zuwa 1,000. To sai a bar mutum ɗaya bakin ruwa da baromita ɗaya, Powell ya goya ɗaya ya hau bangon kwazazzabon da hannu ɗayan nan, su karanta a lokaci guda, bambancin shi ne tsayin bangon. Amma ka lura da wannan ɗana, a nan hankalin yake. Sun san tsayin inda suka tashi, ƙafa 6,000 da ɗoriya sama da teku, sun kuma san tsayin inda za su fito a bakin kogin Virgin, bai kai ƙafa 1,000 ba. Kenan ruwan nan dole ya gangara sama da ƙafa 5,000, abin da ba su sani ba shi ne a hankali zai sauka ko akwai wurin da zai zuba gaba ɗaya ya hallaka su. Kullum baromita na gaya musu gangara nawa ta rage. Shi ya sa ranar 9 ga Yuni da jirginsu ɗaya mai suna No Name ya daki dutse ya tarwatse a kwazazzabon Lodore, ya tafi da kusan kashi ɗaya cikin uku na abincinsu, abin da ya hana Powell barci baromitocin ne don duk a jirgin suke. Washegari aka hango guntun jirgin ya maƙale, mutum 2 suka je suka ciro su lafiya.

Hawan duwatsun nan ya kusa cin ran Powell. Akwai ranar da ya maƙale a jikin bango, ba gaba ba baya, ƙafafunsa na rawa, sai abokin tafiyarsa George Bradley da ke samansa ya tuɓe dogon wandonsa na ciki ya zuro masa, Powell ya saki dutsen da hannun nan ɗaya tak ya cafki wandon aka jawo shi.

Gaskiya kuma a faɗe ta, awon tafiyar farko bai yi auki ba, kafin su fito baromitoci sun lalace wasu takardu sun salwanta, garin alkamarsu ya yi funfuna har da gidan sauro suke tankaɗe shi. Taswirar kirki sai a tafiya ta 2, 1871 zuwa 1872, wadda surukin Powell Almon Thompson ya riƙe aikin awon, suka koma tudu suka auna dogon layi a ƙasa kusa da garin Kanab suka rinƙa ɗora kusurwa uku-uku a kansa, irin dai abin da ake koya muku yanzu.

Kawu na Yelwa

Salamu alaikum. Ni ban yi boko mai nisa ba, ɗana ne ya karanta min wanga zance na ce a bar ni in sa baki, don maganar juya ma ruwa baya ta taɓa ni. Yaro, idonka ya gani daidai. Mu nan ba a yin haka. Matuƙi shina zaune ƙarshen jirgi idonshi na gaba, na goshi shina tsaye da gora, don ruwa magana yake yi kuma da ido ake jin ta. Inda ka ga ya yi sumul ya tattaru awa harshe to nan hanya take. Inda ka ga ya kumbura kaɗan sannan ya yi fari a bayanshi, dutse na kwance nan ƙasa, ko da ba ka gan shi ba. Inda kuma ganye ke juyawa wuri guda bai wucewa, kada ka kai jirginka nan. To wanda ya ba wanga duka baya, sai wani ya yi mai ihu dama ko hagu, kafin ihun ya kai kunne ya juya filafili ai an riga an hau dutsen.

Mu ma muna da namu Baturen. Iyayenmu sun ba mu labarin duwatsun Busa tun ba a yi dam ba, tun Kainji ba ta haɗiye su ba a 1968 tare da gungunan mutanenmu. Mungo Park nan ya biyo a 1806, tun daga ƙasar Mali ya taso a jirgi guda, ya zo Yawuri, a nan mai yi mai jagora da tafinta ya sauka, shi kuwa ya wuce ba tare da wanda ya san ruwan gaba ba. Bai wuce Busa ba. Shekara 24 bayan nan, a 1830, wasu 'yan uwa biyu su Lander sunka zo har Yawuri neman takardunshi, su da sunka shiga jiragen mutanen wurin da matuƙan wurin sun kai har teku. Abin da nike so in sani Malam, shin can ƙasar tasu babu masu ruwa da za a tambaya?

Malam Mai Ritaya

Kawu Allah ya ƙara girma, karatun da ka yi mana na ruwa babu shi a littafin safiyo. Akwai mutane a ƙasar tun fil azal, Ute da Paiute da Havasupai da Hualapai da sauransu, sun san kowace hanyar sauka da kowane idon ruwa, amma su ba sa bin tsawon kogin a jirgi, ƙasar hamada ce kuma ruwan ba ya tuƙuwa, ƙetarawa suke yi a mashigai. Don haka matuƙin da za a ɗauka babu. Jiragen ma na tashar ruwa ne, 3 na katakon oak mai nauyi ƙafa 21, an yi su don gudu a miƙe a ruwa kwance, juya su sai da wahala. Shi ya sa a wurare da yawa sauke kaya suke yi su ɗauka a ka, jirgin kuma su zura shi da igiya ta gefe. Sai wajen 1890 da wani abu wani maharbi Nathaniel Galloway ya zo da jirgi mara nauyi mai shimfiɗaɗɗen gindi, ya juya ya fuskanci inda ruwa ke tafiya yana ja da baya don rage gudu, abin da ka faɗa ɗin nan dai, kuma har yau haka ake tuƙi a kogin.

Malama daga Argungu

Ni abin da ya tsaya min a labaran nan rayuka ne. A tafiyar Powell mutum 3, Oramel Howland da ƙanensa Seneca da William Dunn, ranar 28 ga Agusta suka ce ba za su shiga gangaren da ke gabansu ba, yunwa ta ci su, suka hau dutse da ƙafa don neman gari. Ba a sake ganinsu ba, wasu sun ce mutanen Shivwits, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, ne suka kashe su wasu na zargin Turawan yankin. Sauran 6 kuwa, don mutum ɗaya ya riga ya bar tafiyar tun da farko, kwana 2 kacal bayan rabuwar suka fito lafiya ranar 30 ga wata. Duk sanda na tuna kwana biyun nan sai jikina ya yi sanyi.

Wanda ya fi ba ni haushi kuma na 1889 ne. Wani shugaban kamfani Frank Brown ya so shimfiɗa layin dogo ta cikin kwazazzabon, ya tafi safiyo da injiniya Robert Stanton, ya sayi jirage marasa nauyi kuma bai yarda an sayi rigar ruwa ba. A watan Yuli jirginsa ya kife ya nutse, bayan kwana 5 wasu mutum 2 suka bi shi. Stanton ya dawo ƙarshen shekarar da jirage masu ƙwari da rigar ruwa ga kowa, ya kai har teku a 1890. Ina karanta wannan ina tuna jirgin da ya kife wajen Warrah a 2021, da matan da nake gani ranar kasuwa sun cika jirgi maƙil da goyo da buhuna ba ko ɗaya mai riga. Ɗana in Allah ya sa aiki ya kai ka kan ruwa, don girman Allah ka sa rigar, ko da a gidan Sarkawa aka haife ka.

Ɗalibin Safiyo, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai Malam, Kawu, Malama, Allah ya saka da alheri. Malama na ji kuma na ɗauka in sha Allah. Malam maganar baromita ta shige ni sosai, yanzu na gane me ya sa ya fi damuwa da gilashi a kan buhun gari. Ranar Litinin zan roƙi malaminmu ko akwai tsohuwar baromita a sito mu gwada ta a kan tudun Dukku da bakin gulbi mu ga ko bambancin zai fito. Kawu kuma in an yi hutu zan zo gida, kakana har yanzu da ƙarfinsa kuma yana yawan cewa ya san inda tsohon gungunsu yake a ƙarƙashin ruwa ko da dare ne, ina so in shiga jirgi da shi in riƙe GPS, duk inda ya nuna da gora in ɗauki lambar wurin in rubuta sunan da suke kiransa. In kana Yelwa lokacin zan neme ka mu tafi tare.

Kawu na Yelwa

Ina nan ɗana, Allah shi kawo ka lafiya. Ka bari sai ruwa ya ja baya, wajen watan Mayu ko Yuni, lokacin kawunan duwatsu na fitowa. Kuma mu fita da asuba kafin iska ta tashi. Ka gai da tsoho.