Libarba mai saitin da ba ya motsi tana buga ƙasa da hagu: ta ina ake fara gyara?

Ɗan Arizona ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar harbin gasa. Ina zaune a jihar Arizona ta Amurka, kuma na shiga wata ƙungiyar masu harbin wasa irin na makiyayan yammacin Amurka na da, inda ake amfani da bindigogi masu siffar na ƙarni na 19. Na sayi libarba sabuwa wadda aka ƙera a kan fasalin Colt Single Action Army ta 1873, wato irin wadda sai an ja hamarta baya da babban yatsa kafin kowane harbi. Harsashin .45 Colt take ci, tsawon bututunta kuma inci biyar da rabi ne.

Matsalar ita ce, idan na tsaya a nisan yadi 25 na daidaita tsinin saiti na gaba a tsakiyar tsagar baya, harsasan suna taruwa wuri guda yadda ya kamata, amma kimanin inci 4 ƙasa da inda na auna, kuma inci 2 zuwa hagu. Harsashin da nake amfani da shi na darma ne mai nauyin giren 200 (giren shi ne ma'aunin da ake auna nauyin harsashi da shi). Bindigar ba ta da ƙusar da ake murɗawa a gyara saiti, domin tsagar baya a jikin ƙarfen sama aka fafe ta, tsinin gaba kuma a like yake da bututu. Wani a filin harbi ya ce in sa magagari in rage tsinin, wani kuma ya ce in lanƙwasa shi da filaya. Kafin in taɓa komai, ina so in ji wanne ne daidai, kuma wanne ake fara yi.

Malam Na-Texas ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ajiye magagari da filaya tukuna, domin ƙarfen da aka goge ba ya dawowa, kuma akwai abubuwan da ya wajaba ka tabbatar kafin ka ɗora wa bindigar laifi.

Ƙasa da hagu shi ne ainihin inda harsashin mai harbi da hannun dama yake zuwa idan yana fizgar kunama, ko yana ƙara matse mariƙi a daidai lokacin da harbin zai tashi. Mutum yana iya yin wannan kuskure iri ɗaya a kowane harbi har harsasansa su taru wuri guda, ya ɗauka bindigar ce ta karkace. Saboda haka ka zauna a kan teburin harbi, ka ɗora wuyan hannayenka a kan buhun yashi ba tare da gindin mariƙin ya taɓa tebur ba, ka riƙe ta yadda kake riƙe ta a tsaye, ka harba rukuni biyu ko uku. Sannan ka ba wani gwani, in son samu ne har da bahago, ya harba da harsashinka. Idan ta buga masa hagu kamar yadda ta buga maka, to magana ta koma kan bindiga. Ka yi wannan gwajin a inuwa, kuma ka baƙanta tsinin da hayaƙin ashana, domin ƙyallin rana a gefe ɗaya na tsini yana ruɗin ido ya kawar da saiti.

Abu na biyu, kuma shi na fi so ka kula da shi, shi ne nauyin harsashi. A libarba, bakin bindiga yana fara ɗagawa sama tun harsashi bai fita daga bututu ba. Harsashi mai nauyi wanda ba shi da gudu sosai ya fi daɗewa a cikin bututun, ya kuma fi tura bindigar, don haka yana fita ne lokacin da bakin ya ƙara ɗagawa, sai ya buga sama. Marar nauyi mai sauri yana fita da wuri, sai ya buga ƙasa. Mutane da yawa suna tsammanin akasin haka ne. Nauyin da aka saba da shi a .45 Colt tun asali giren 250 ne zuwa 255, kai kuwa kana harba 200. Ba zan yi mamaki ba idan kwalin giren 250 ya ɗaga maka rabin waɗannan inci 4, ko ma fiye. Idan ka goge tsinin a kan giren 200, daga baya ka koma mai nauyi, bindigar za ta riƙa buga sama, kuma gyaran wannan ya fi wuya ƙwarai, tunda sai an ƙara wa tsinin tsawo ko an sauya shi ɗungurungum. Ka zaɓi harsashi ɗaya da za ka zauna a kansa, nisa ɗaya, da yadda kake ɗora tsini a kan abin bara, ko a tsakiyar baƙin ɗigon ko a ƙasansa, sannan a yi maganar gyara.

Maƙerin Bindiga ya amsa:

Na yarda da duk abin da Malam ya faɗa, kuma zan ɗora daga inda ya tsaya, a bisa zaton ka yi gwajin kuma kuskuren yana nan.

Ƙa'idar ita ce, tsagar baya ana matsar da ita zuwa inda ake so harsashi ya tafi, tsinin gaba kuwa zuwa kishiyar wurin. Don haka rage tsawon tsini yana ɗaga inda harsashi ke bugawa, matsar da tsini hagu kuma yana kai harsashi dama. Bindigar da ke buga ƙasa ta zo da sauƙi, kuma masu ƙera irin waɗannan bindigogi sukan bar tsinin da ɗan tsawo domin mai ita ya rage shi daidai da harsashinsa.

Yawan abin da za a rage ba a yin sa da ka, lissafi ne. Ka auna tazarar da ke tsakanin tsagar baya da bayan tsinin gaba, ka ninka ta da girman kuskuren, ka raba da nisan abin bara, duka a inci. Yadi 25 inci 900 ne. Idan tazarar taka inci 6.5 ce, misali, to 4 sau 6.5 a raba da 900 zai ba ka kimanin inci 0.029, wato bai kai milimita ɗaya ba. Ka ga ke nan shafa kaɗan ce ta magagari take cinye wannan. Yadda nake yi shi ne, in tabbatar babu harsashi ko ɗaya a cikin bindigar, in naɗe bututun da salatif don kada magagari ya karce shi, in auna tsawon tsinin da ma'aunin da ke nuna dubun inci, in shafa wa samansa baƙin maka domin in ga inda haƙoran magagarin suke ci. Magagari mai laushin haƙori nake amfani da shi, a kwance daidai, da ɗan gangare zuwa gaba don kada saman tsinin ya riƙa ƙyalli. Ina cire rabin abin da lissafi ya nuna, in harba rukuni, in sake aunawa, sannan in ci gaba da kaɗan-kaɗan. A filin harbi ake wannan aiki, ba a gida ba, kuma idan an gama a shafa wa wurin ruwan baƙanta ƙarfe idan bindigar baƙa ce, saboda tsatsa.

Amma kada ka fara da wannan. A fara gyara hagu da dama, a ƙare da sama da ƙasa, domin hanyar da ta fi kyau wajen gyaran gefe ita ce a ɗan juya bututun a cikin jikin bindigar, kuma juyin yana ɗan karkatar da saman tsinin, wanda za ka daidaita lokacin gogewa. Bututun ɗaure yake da zare irin na noti. Idan aka ƙara ɗaure shi, tsinin yana matsawa zuwa hagun mai harbi, harsashi kuma ya koma dama, wanda shi ne abin da kake bukata. Da lissafin da ya gabata, inci 2 na bukatar tsinin ya matsa kimanin inci 0.014. Idan kan tsinin yana da nisan kashi uku cikin huɗu na inci daga tsakiyar bututu, juyin bai wuce digiri ɗaya da ɗan wani abu ba. Ido da kyar yake ganinsa, kuma abin da zai rage a ratar da ke tsakanin bututu da gangar harsasai bai kai a damu da shi ba, ko da yake maƙeri zai auna ratar ya kuma duba cewa gidan sandar da ke fitar da kwanson harsashi ya zauna daidai.

Wannan aikin ba na gida ba ne. Yana bukatar matsi na musamman da ke riƙe bututu ba tare da ya ji masa ciwo ba, da sifana da aka yi daidai da jikin wannan samfurin. Dabarar da wasu suke yi ta cire ganga su zura ƙotar guduma a cikin ramin su murɗa tana iya lanƙwasa jikin bindigar, kuma jikin da ya lanƙwashe ya fi ƙarfin gyaran saiti. Batun filaya kuwa, ban ba ka shawara ba. A yawancin waɗannan bindigogi an like tsinin ne da narkakkiyar azurfa a cikin ɗan rami, yana iya ɓallewa gaba ɗaya, idan kuma bai ɓalle ba za ka riƙa kallon tsini a karkace duk lokacin da ka ɗaga bindiga.

Hajiya Mai Bara ta amsa:

Ni ina da ɗan bambancin ra'ayi, ba a kan lissafin ba, a kan ko aikin ya zama dole. Ƙanena, ka ce don gasar makiyaya ka saye ta. A gasannin ƙungiyar SASS mai shirya irin wannan gasa ta makiyaya, wadda aka kafa a 1987, faifan ƙarfen da ake harbi da libarba manya ne, kuma yawanci a kusa suke, tsakanin yadi 7 zuwa 10. Kuskuren inci 2 a yadi 25 bai kai inci ɗaya ba a yadi 10, na inci 4 kuwa zai dawo wajen inci ɗaya da rabi. A kan faifai mai faɗin fiye da ƙafa guda wannan ba zai sa ka kuskure ba, gaggawa da fizgar kunama su ne ke sa a kuskure. Idan gasar ce kaɗai burinka, ina ganin ka sauya harsashi, ka bar bututun yadda yake, kuɗin maƙeri kuma ka saye harsashin atisaye da su. Idan kuwa kana so ka riƙa harbin takarda a yadi 25, to shawarar Maƙeri ce abin bi.

Tunda sabuwa ce, ka fara tuntuɓar kamfanin da ya ƙera ta ko wanda ya shigo da ita kafin kowa ya sa mata ƙarfe. Ka aika musu hoton takardar da ka harba, da nisan, da irin harsashin. Da zarar an ga alamar magagari a jikinta, zai yi wuya su karɓi ƙorafi.

Maƙerin Bindiga ya sake amsawa:

Maganar Hajiya gaskiya ce game da tuntuɓar kamfani. Zan ƙara hanyoyi biyu da ban ambata ba, domin za ka ji su a bakin mutane. Ta farko ita ce faɗaɗa tsagar baya ta gefe ɗaya. Idan aka ci gefen dama, tsakiyar tsagar tana matsawa dama, amma da rabin abin da aka cire kawai, saboda haka don samun 0.014 sai an cire 0.028, kuma daga jikin bindigar kanta ake cirewa, ba daga wani ɓangare da za a iya sauyawa ba. Tana da amfani ga ƙaramin kuskure, ko ga wanda dama tsagar ta yi wa idonsa ƙunci. Ta biyu ita ce a yanka gurbi a kan bututu a sa tsini mai zamewa hagu da dama. Wannan yana magance matsalar baki ɗaya, sai dai yana sauya kamannin bindigar, kuma ya kamata ka karanta dokokin rukunin da kake fafatawa a ciki kafin ka yi, domin ba kowane sauyi na waje ake yarda da shi ba. Ga duk mai karatu da ke riƙe da Colt ta asali, musamman ƙirar farko da aka yi kafin Yaƙin Duniya na Biyu, kada ya yi mata ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin kowace shafar magagari tana rage mata daraja a wurin masu tara tsofaffin bindigogi.

Wajen gwaji kuma ka riƙa sa harsashi biyar, hama tana kwance a kan ramin da babu komai, kamar yadda dokar gasar ta tanada. Kamfanin ƙera bindigogi na Ruger ya sa wa libarbobinsa sandar kariya tsakanin hama da allurar harbi tun 1973, amma masu bin tsohon fasalin Colt sau da yawa ba su da ita, kuma idan irin wannan ta faɗi a kan hamarta da harsashi a ƙarƙashi tana iya tashi.

Ɗan Arizona ya dawo:

Na gode Malam, na gode Hajiya, na gode Yallaɓai Maƙeri, Allah ya saka da alheri. Na gwada giren 250 a kan buhun yashi, kuma wani dattijo bahago a ƙungiyarmu ya harba mini ita. Ƙasan ya ragu zuwa kimanin inci ɗaya da rabi a wurinmu duka biyu, hagun kuwa yana nan a inci 2 har a hannunsa. Na auna tazarar saitin na samu inci 6.6, don haka abin da ya rage a goge bai wuce inci 0.011 ba, kuma ba zan taɓa shi ba sai an gama da batun bututu. Na aika wa kamfanin hotunan takardun. Yallaɓai, idan suka ce wannan kuskuren yana cikin abin da suke ɗauka daidai ne, na kai ta wurin maƙeri, shin in tafi masa da takardun da harsashin kawai ya yi lissafi, ko in nemi wanda zai juya bututun a filin harbi muna gwadawa a tsakani?